Gangunan da Na Binne a Bayan Katanga

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta wannan shafi ina ganin yadda mutane ke sauke abin da ya dame su, ni kuwa nawa ya haura shekara ashirin ina ɗauke da shi. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan ambaci sunan kowa ba.

A shekarun farko da Dutse ta zama babban birnin jiha, ni matashi ne sabon aure, ina zaman haya a Limawa. Mahaifina makiyayi ne, a bayan shanu na tashi kafin a sa ni makaranta, saboda haka babu wanda zai koya mini darajar ruwa a wurin dabba. Na samu aikin kula da sito a wata ƙaramar masana'anta da ke wajen gari, inda ake haɗa maganin ƙwari da na kashe ciyawa, ana ɗurawa a jarkoki ana sayar wa manoma. Makullin sito a hannuna yake, kuma ina ji da wannan matsayi ƙwarai. A bayan katangar masana'antar ƙasa ta gangara zuwa fadama, a gangaren akwai wata ruga mai rijiya ɗaya. Ardon rugar dattijo ne da ya san mahaifina tun a kasuwar shanu. Ɗana yake ce mini, ni kuma ina ce masa Baffa, kuma da wuya mako ya wuce bai aiko wa matata nono da man shanu ba.

A cikin sito akwai wasu ganguna goma sha ɗaya na wani magani da wa'adinsa ya ƙare. Sun yi tsatsa, wasu har sun fara yoyo, in ka shiga wurin sai idonka ya kawo ruwa. Wata rana manaja ya kira ni ya ce masu duba masana'antu za su zo mako mai zuwa, ba ya so su tarar da gangunan, mayar da su inda aka saro su kuwa zai ɗauki watanni. Ya ce in san yadda zan yi da su. Na ce masa abin guba ne, sai ya yi dariya ya ce ƙasa babu abin da ba ta cinyewa. Na ɗauko leburori daga cikin gari, na ce musu lalataccen fenti ne, suka haƙa rami a jikin katangar baya da rana tsaka. Wajen gangara gangunan cikin ramin, biyu suka fashe, wani ruwa mai kauri ruwan ƙasa-ƙasa ya malala, yashi ya shanye shi a kan idona. Daga inda nake tsaye ina hango matan ruga suna jan guga. Na kawar da kai na ce a rufe. Bayan 'yan makonni na ba da shawarar a yi daɓen siminti a wurin a gina ɗakin janareta, aka yaba mini da tunani, aka gina.

Shekaru suka wuce. Masana'antar ta durƙushe aka rufe ta, manaja ya bar jihar, ni kuma na koma sayar da hatsi. Da aka fara shari'ar Musulunci a jiha ina cikin waɗanda suka fi kowa murna. Aka sa ni a kwamitin masallacin unguwa, ina sulhunta maƙwabta, ina yi wa 'yan kasuwa faɗa a kan tauye mudu. Bakina bai taɓa gajiya da maganar amana da haƙƙin mutane ba. Gangunan kuwa in sun faɗo mini a rai sai in ce ai tuni ƙasa ta gama da su.

Wata safiya sai ga Ardo a ƙofar gidana da gorar ruwa a hannu. Ya buɗe ya miƙo mini ya ce in shinshina. Tun kafin in kai hanci na gane warin, warin sitona ne. Ya ce kusan shekara biyu ke nan ruwan rijiyarsu ya soma ɗaci, wani maiƙo na taruwa a samansa. Maruƙa suna mutuwa, shanu suna ɓari, yara suna fama da ciwon ciki da ƙuraje, matar babban ɗansa kuma ta yi ɓari har sau biyu. Ya ce ni ne ɗansa mai ilimin boko, in taimaka in rubuta musu takardar kuka zuwa ga hukuma. Na shiga ɗaki na ɗauko biro da takarda na rubuta. Da hannuna na rubuta cewa mutanen rugar ba su san musabbabin wannan masifa ba. Ya dangwala yatsa, ya sa mini albarka, ya tafi.

Takardar ta yi aiki. Aka gwada ruwan aka tabbatar da guba ce, aka tilasta wa masu masana'antar su share wurin, aka turo ma'aikata ƙarƙashin wata injiniya, mace mai natsuwa 'yar wajen Haɗeja. Da suka nemi wanda ya san wurin ciki da waje, Ardo ne ya ba da sunana. Ranar farko ta tambaye ni kai tsaye ko na san wani wuri da aka taɓa zubar da magani ko aka binne wani abu. Na ce mata abin da na sani kawai shi ne kwatar da ruwan wankin jarkoki ke bi. A nan suka fara aiki. Katafila tana kwasar ƙasa, tifa tana kaiwa wani rami da aka shimfiɗe da leda mai kauri can nesa da gari. Suka haƙa ƙananan rijiyoyin gwaji a jere har zuwa fadama, suna ɗibar ruwa a kwalabe ana kaiwa Kano. Aka hana amfani da rijiyar ruga, tanka na kawo musu ruwa, amma ruwan tanka ba ya isar garke. Dole samarin rugar suka riƙa kora shanu tafiyar rabin yini don su sha, shanun suka rame, wasu suka faɗi a hanya. Ni kuwa kullum ina wurin, har a inuwar ɗakin janaretan nake shimfiɗa tabarma in yi sallar azahar.

Haka muka ci wata biyar, damina ta shigo ta yi nisa. Wata rana injiniyar ta baje taswira a kan mota ta nuna mini. Ta ce sun kwashe ƙasar kwata kaf, amma gubar da ke cikin ruwa ƙaruwa take yi, lallai akwai wani wuri da har yanzu yake tsiyayar da ita. Ta ce duk ruwan sama da ya sauka yana ƙara tura ta gaba, kuma ta doshi ƙauyen da ke bayan fadama, inda ake da rijiyoyi da yawa da makarantar firamare. Ba zargina take yi ba, gajiya ce kawai ta sa take magana da wanda ke kusa. A wannan yammacin Ardo ya zo duba aiki, ya kama hannuna a gaban ma'aikata ya ce da ba don wannan ɗa nasa ba, da babu wanda zai ji kukansu. Ya ɗaga hannu ya yi mini addu'a, kowa ya shafa. Na shafa tare da su, amma ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Da na koma gida na gaya wa matata komai. Ta yi kuka, ta ce man shanun nan da muka yi ta ci fa, sannan ta ce in ban faɗa gobe ba ita za ta je ta faɗa.

Washegari na ja injiniyar zuwa ɗakin janareta na nuna daɓen na ce, "Ranki ya daɗe, a ƙarƙashin nan suke. Ganguna goma sha ɗaya." Ta tambaye ni yadda aka yi na sani, na ce ni na binne su. Sai ta ce, "Malam, wata biyar. Kana kallonmu wata biyar." Ta juya ta kira mai katafila.

Da aka fasa daɓen, sai da kowa ya ja da baya saboda wari. Gangunan sun ruɓe, wasu sai ɓawo. Ma'aikata suka sa takunkumi da safar hannu suka kwashe ragowar cikin sababbin ganguna aka liƙe. Ƙasar wurin ta yi baƙi har zurfin da ya fi tsayin mutum biyu, aka yi makonni ana kwasa. Daga nan aka kafa injina suna zuƙo ruwan ƙasa ana tace shi ta cikin manyan tankunan gawayi, aikin da ya ɗauki shekaru. Ƙauyen ya tsira, rijiya ɗaya kawai aka rufe musu. Injiniyar ta ce da an fara daga nan tun kafin damina, da ko wannan ɗayar ba a rasa ba. Rijiyar ruga kuwa aka cike ta aka shafe bakinta da siminti.

Na rubuta wa hukuma bayanin abin da na yi na sa hannu, na kuma ajiye aikin kwamitin masallaci. Abin da ya fi mini wuya shi ne zuwa wurin Ardo. Na same shi zaune a gindin bishiya, na durƙusa na faɗi komai, ko da yake labari ya riga ni isa. Mutanensa sun so a kai ni gaban alƙali, shi ya hana. Ya ce binne gangunan yana iya cewa ƙuruciya ce da tsoron na gaba, amma takardar da na rubuta masa ina kallon idonsa, wannan bai san sunan da zai ba ta ba. Sannan ya ce, "Shanuna na yafe maka saboda mahaifinka. Cikin surukata kuwa ba nawa ba ne, je ka tambaye ta." Na je ƙofar bukkarta na yi sallama sau uku. Ina jin motsinta a ciki, ba ta amsa ba, ba ta kuma fito ba. Da kaka ta yi mutanen rugar suka tashi suka yi gabas, har yau ban san inda take ba.

Abin da na koya shi ne, laifin farko na minti kaɗan ne, amma shirun da ya biyo baya kullum sabon laifi ne, kuma wasu ne ke biyansa da lafiyarsu. Ina kira ga duk mai aiki inda ake taɓa guba, ko masana'anta ce, ko shagon maganin feshi, ko wurin jima: in an ce ka zubar ko ka binne, ka ƙi, ko da za ka rasa aikin. In kuma ka riga ka yi, ka tashi yau ka nuna wurin, tun ana iya tare abin, tun waɗanda ka cuta suna inda za ka same su. Ni na makara, kuma zan je gaban Allah da haƙƙin matar da ban ma san fuskarta ba.