Adda Keturah, Mai Tsare Rubutun Ƙasan Allo

Kowace safiya Keturah Apollos takan sauka daga keke napep a bakin wani gidan talabijin a Jimeta, ta gaisa da masu gadi da Fulatanci, ta shige ɗakin tace hotuna. Abokan aiki Adda suke kiranta, wato yaya. Aikinta shi ne ta yanke shirye-shiryen da aka ɗauko, ta rage musu tsawo, ta haɗa su tsaf. A watan jiya ta yi ritaya, kuma yawancin masu kallo ba su taɓa ganin fuskarta ba.

Abin da aka san ta da shi shi ne rubutun nan da ke bi ta ƙasan allo yana faɗin abin da mai magana ke cewa. Duk wanda ya taɓa tace bidiyo ya san halinsa: da ka yanke hoto, sai rubutun ya zame, ko ya ɓace ɗungurungum. Da yawa sukan bar shi haka. Adda kuwa sai ta bi shi layi-layi, ta mayar da kowace magana bakin mai ita.

Shekarar da 'yan ta da ƙayar baya suka shiga Mubi, Yola ta cika da 'yan gudun hijira, tashar ta buɗe shirin cigiya. Mutane na magana da Margi, da Higi, da Fulatanci, ana rubuta fassarar Hausa a ƙasa. Danny, mai ɗaukar hoton tashar, ya ba ni labarin ranar da suka ɗauko wani manomi a Ngurore. Da Fulatanci manomin ya ce akwai wani dattijo kwance ba lafiya a gidansa, Bawa tela daga Mubi, yana cigiyar 'yarsa Sa'adiyya. Da aka rage shirin saboda labarai, sai rubutun ya ɓace.

"Adda, lokaci ya ƙure fa, mu sake shi haka," in ji Danny.

"Ku sa musu waƙa tukuna," ta ce, idonta a kan allo. "Akwai masu jin mu da ido."

Ta mayar da rubutun kaf, sannan aka saki shirin.

Ashe Sa'adiyya kurma ce. Tana zaune a gidan wasu bayin Allah da suka sauke ta a Wuro Hausa, tana kallo tare da matan gida, sai ga sunan mahaifinta da nata a ƙasan allo. Ta miƙe zumbur, ta kama zanen uwar gidan tana nuna talabijin tana kuka. Washegari aka kai ta Ngurore.

Da Baba Bawa ya samu sauƙi, ya zo tashar da 'yarsa, yana riƙe da rigar da ya ɗinka da hannunsa.

"Wa ya rubuta sunana?" ya tambaya.

Aka nuna masa Adda. Sa'adiyya ta kama hannayen Adda ta ɗora su a kan idanunta, sannan a kan ƙirjinta. Baba Bawa ya miƙa wa Adda rigar. Ta yi mata yawa, amma ta zura ta a nan take, ana dariya ana share hawaye.

Tun daga ranar Adda ta shiga koyon maganar hannu. A walimar sallamarta kurame suka cika gefe guda na zauren, suka ɗaga hannuwa sama suna kaɗawa, irin tafinsu ke nan.

Adda Keturah, kunnen marasa ji! Ke ce kika zaunar da kurma da mai ji a gaban allo ɗaya. Ke ce kika ɗauki maganar mai Higi kika kai ta gidan mai Hausa ba tare da ta zube a hanya ba. Mun gode, Allah Ya ba ki lafiyar cin moriyar hutunki.

Ku kuma matasan da kuka gaji kujerarta, kafin ku saki shiri, ku kashe sautin ku kalle shi. In kun gane abin da ake faɗa, to ku sake shi.