Irin Geron Baba Ilu

A shekarar da sojoji suka karɓi mulki suka kuma faɗa a rediyo cewa akwai yunwa a ƙasa, wato wannan bazarar da muke ciki, na yi 'yar tafiya daga Matameye zuwa wani ƙauye a bayan Yauri, wato Yaurin nan ta kusa da mu. Na fara rubuta ta da ajami, sannan na juyo ta boko saboda ku.

Ga dalilin tafiyar. Shekaru da dama da suka wuce, Baba Ilu, aminin mahaifina, ya ba ni aron irin wani gero nasu na gado mai saurin nuna, wanda ko ruwa ya ɗauke da wuri yakan kai. Na yi ta shuka shi, ban mayar ba, shi ma bai tambaya ba. Sai bana aka aiko mini cewa nasa ya ƙare: sau uku ya yi shuka bara, sau uku rana ta ƙone ta. In bai samu irin ba kafin ruwa ya sauka, gidan zai watse, 'ya'yansa su tafi Kano da iyalansu. Gaskiya ban yarda da saƙon duka ba. Na ce a raina, kada dai yunwa ce ta sa wa kanta sunan iri, in kai a daka a sha.

Mun tashi da asuba, ni da maƙwabcina mai kabu-kabu da babur. Na ɗaure irin a buhu yana nan a zangarniyarsa, domin a wurinmu ba a mayar da iri a sussuke. Tsaba kowace ta yi kama da 'yar'uwarta, zangarniya ce ke nuna asali.

Kafin mu bar kwalta muka iske shingen masu kaki, suna binciken hatsin taimako da aka ce wasu na karkatarwa. Ɗaya ya dubi buhun, ya dube ni, ya ce in kwance. Da ya ga zangarniya sai ya yi murmushi, ya ce shi ma ɗan manomi ne, kuma bai taɓa ganin taimako ya zo da kara a jikinsa ba. Duk da haka sai da ya cusa hannu har ƙasan buhun.

Daga nan sai rairayi. Tafkin da muke kamun tarwaɗa muna yara ya tsattsage, ko kwaɗo babu. Goruba da yawa sun bushe tun daga kai. Na ga amya rataye a jikin gawo, babu ƙudan zuma ko ɗaya. Shamuwa kuwa, da a ce lokacin da ne, ta fara gyaran sheƙa. Ban ga ƙeyarta ba. Abokin tafiyata ya ce ya ji a rediyo wai hayaƙin masana'antun manyan ƙasashe ne ya ɗumama duniya. Na daɗe ina yi wa maganar kallon abin da masu neman kuɗin taimako suka ƙirƙira. Amma kwaɗo ba ya jin rediyo, kuma ga shi ya tafi. Komai da ikon Allah yake, sai dai Allah bai hana mu duban sababi ba.

A Yauri muka tsaya shan fura. An tsinka ta har kana hango gindin ƙwarya, kuɗinta kuwa ya ninka. Mai furar ta ce shanu ne suka tsinka nonon tun daga hantsa, ita ruwa kaɗan ta ƙara. Kusa da mu ana cinikin wata saniya da kuɗin da bara ba zai sayi rago ba.

Da muka shiga ƙauyen da hantsi, na tambayi dattawan da ke gindin wata tsamiya gidan Baba Ilu, don an yi sababbin darni na kasa gane hanya. Suka dubi babbar rigata, suka dubi juna, suka ce ba su san mai wannan suna ba. Ashe bana mutanen gari na zuwa da 'yan buhunan hatsi suna karɓar gonaki jingina, sun ɗauka ni ma shi ya kawo ni. Sai da na ambaci sunan mahaifina, na zaro zangarniya guda, sannan wani ya tashi ya raka mu. Bai kuma tafi ba, ya tsaya a ƙofar gida yana sauraro.

Baba Ilu ya rame ƙwarai. Bayan doguwar gaisuwa ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya zazzage buhun. Jikokinsa na leƙe da idanun da suka sa na sunkuyar da kai. Ni ina zargin za a cinye irin, ashe shi irin yake zargi. Ya riƙa ɗaukar zangarniya ɗaya-ɗaya, yana duba tsayinta da launinta, yana shinshinawa, yana ware wasu gefe.

“Malam, wa ke maƙwabtaka da gonarka?”

Na faɗa masa.

“To, waɗannan sun yi aure da geronsa. Ba nawa ba ne. A kai ciki a dama wa yara kunu.”

Kusan rabin buhun ya tafi haka. Sauran ya ɗaure da kansa, ya rataye a saman ɗakinsa inda hannu ba ya kaiwa. Na ce, “Baba, na sauke nauyi ke nan?” Ya ce da saura, don zafin bana na kashe iri tun yana rumbu. Ya murje 'yar tsaba, ya naɗe ta a jiƙaƙƙen tsumma, ya tura ƙarƙashin randa. Ya ce sai abin da ya gani.

Kafin mu juyo ya nuna mini gonarsa. Ya daina sassabe ta ƙal kamar da. Duk tohon gawo da kalgo yana rage masa rassa ya bar shi ya tashi. Ya ce bara, abin da ya ɗan tsira a ƙauyen, ƙarƙashin itace ya tsira.

Mun iso Matameye gab da magariba, ƙafafuna sun sage. Abin da na koyo kaɗan ne: damina ta gajarta, kuma mai irin da ke saurin nuna kada ya ajiye shi a rumbu ɗaya, ya raba wa mutane, ko don ranar da nasa zai ƙone. Na kuma nemi gafarar Allah a kan zaton da na yi wa tsoho mai yunwa wanda ya rataye gero ya ƙi ci.

Kwana uku ina jira. A na huɗu, bayan sallar azahar, wayata ta yi ƙara da lambar da ban sani ba. Muryar Baba Ilu ce, yana ɗaga ta kamar Yauri a bayan duniya take.

“Malam, ya tsira. Babu sauran komai tsakanina da kai. Allah ya jiƙan ubanka.”