Mai Bakin Ludayi

Kakata Hajja Kande ta iya tatsuniya, wannan ban taɓa yi mata musu ba. Abin da ta yi da tatsuniyar ne har yau na kasa yafe mata, ko da yake ta yi shekaru a kabari kuma ina sa ta a addu'a kamar yadda aka koya mini.

A wani gida na tashi can saman tudu, bayan unguwar Misfala a Makka, inda mota ba ta hawa sai dai ƙafa. Sana'ar Hajja suyar gyaɗa. Da safe ta sauka ta baza ƙullin gyaɗarta a hanyar masu zuwa Harami, bayan magariba kuma mu hau soro ta hura gawayi a kurfoti, ta ɗora kasko da yashi a ciki. Ni da yaran maƙwabta mu zagaye wutar muna murza ɓawo, ita kuma ta biya mu da labari. Yawancin yaran Larabci ya fi zama a bakinsu, amma a kan soron nan doka ce, wanda ya yi Larabci ba shi da gyaɗa.

Shekarata bakwai Umma ta bar gidan. Na dawo daga makaranta na tarar babu akwatinta, babu dardumarta. Baba yana Mina, lokacin ana shirin aikin hajji, shi kuwa dako yake yi a tantuna. Na tambayi Hajja, uwar Baba ke nan, ta ce, "Ta tafi Kano. Ci abincinki." A cikin makon nan ta fara ba mu tatsuniyar mai bakin ludayi.

"Ga ta nan tafe, mai kunne ya matso," in ji ta. Muka ce ta iso mu ji.

Ta ce tsuntsuwa ce, kuma da idonta ta gan ta a bakin teku a Sawakin, tana yarinya, sa'ad da suke jiran jirgin ruwan da zai haye da su bayan doguwar tafiyar ƙasa ta Chadi da Sudan. Fara ce fat, ƙafafunta dogaye baƙaƙe, bakinta dogo baƙi, ƙarshensa ya baje kamar ludayin shan fura. In lokacin aure ya zo sai wani farin tukku ya tsiro mata a ƙeya, ta riƙa kaɗa shi tana ce wa sauran tsuntsaye ita sarauniya ce. Auren na wucewa tukkun ya zube.

"Kun san yadda take cin abinci?" Hajja ta tsoma ludayin suya cikin yashi tana kai shi dama, tana kai shi hagu. "Haka. Ba ta dubawa. Lalube take a cikin ruwa, kifi ne, jatan lande ne, duk abin da ya taɓa bakin ta cafke. Ba ta tambayar na waye."

Tsuntsuwar ta yi sheƙa da ƙirare a kan bishiya a tsakiyar ruwa, ta saka ƙwai uku. Ran nan wani masunci ya zo wucewa ya yi tari. Tari kawai. Sai ta tashi fir, ta haye teku, ko waiwaye ba ta yi ba. Hankaka ya zo ya shanye biyu. Na ukun wata tsohuwar balbela ce ta ji tausayi ta kwanta a kai har ya ƙyanƙyashe, aka sami 'yar tsako mace da ɗan gajeren baki irin na kowa.

"Amma sai an sa mata ido," in ji Hajja, tana kallona ta cikin hayaƙi. "Irinsu in sun girma bakin uwar fitowa yake. Ƙurunƙus, sauran ku ƙarasa da kanku."

Umma doguwa ce, fara, kuma tana son ɗaurin ɗankwali mai tashi. Babu yaron da bai gane da wa ake ba. Ni ma na gane, kuma na yarda, don wa zan ƙaryata? Matar da ke yi mini kitso, ta ba ni ƙanzon tuwo? Tatsuniyar nan na ji ta ya fi a ƙirga. Duk ranar da na yi rashin ji sai ta ce, "To, bakin ya fara bajewa." Na sha tsayawa gaban madubi ina taɓa leɓena. Na tsani tsuntsuwar, na tsani Umma, tsana ta gaske irin wadda yaro ke yi da dukan zuciyarsa.

Ina da shekara goma Umma ta zo umra. A Misfala ta sauka, ita da wasu mata a ɗaki ɗaya. Bayan la'asar ta hau tudun nan tana haki, da leda a hannu. Hajja ba ta hana ta shiga ba, ta fi ƙarfin wannan. Nuna ni ta yi ta ce, "Ga ta nan, ai ba a ɗaure take ba."

Umma ta durƙusa a tsakar gida ta miƙo hannu. "Zo mana, 'yar nan. Ko ba ki gane ni ba? Wurinki na zo."

Na gane ta sarai. Na ce, "Koma inda kika fito, mai bakin ludayi. Hankaka bai shanye ni ba."

Ba ta san tatsuniyar ba, amma yaran da ke leƙe a ƙofa suka tuntsire da dariya, wannan ya ishe ta fassara. Ta dubi Hajja. Hajja na tsince gyaɗa. Umma ta ajiye ledar ta fita. Ta sake hawa tudun kwana uku a jere, kullum ina jin muryarta sai in gudu soro in ɓuya bayan tankin ruwa. A rana ta huɗu ba ta zo ba, ni kuwa har da jin na yi nasara.

Bayan shekara biyu, a makaranta, malamarmu ta buɗe littafi ta nuna mana hoton tsuntsun, ta ce sunansa Abu Mil'aƙa. Uban cokali. Na yi dariya, na ce ai mace ce. Malamar ta ce, "Ya binti, akwai tsuntsun da ba shi da namiji?" Wannan tambayar ta bi ni har gida.

Da yamma a kan soro, Baba na gefe yana shan shayi, na ce, "Hajja, ina mijin mai bakin ludayi yake lokacin da masunci ya yi tari?"

"Wane miji?"

"Larabawa uban cokali suke ce masa."

"Larabawa suka raine ki? Tatsuniyata babu namiji a ciki. Halas, magana ta ƙare."

Baba ya ajiye kofinsa da sauran shayi a ciki ya sauka ƙasa. Daga ranar Hajja ba ta ƙara ba da labarin ba, ni ma ban ƙara tambaya ba, don na ji tsoron amsar.

Sai bayan rasuwarta, ina da aure har da goyo, Baba ya faɗa mini da bakinsa. Shi ya saki Umma, a kan wata 'yar gardama tsakaninta da Hajja. Iƙamarta, wato takardar zamanta a ƙasar, a kan sunansa take, ya ƙi sabuntawa, dole ta fita. Ta roƙa a ba ta ni, suka ƙi. Ran tafiyar Umma, Hajja ce ta tura ni makaranta da sassafe don kada mu yi sallama. Na ce, "Baba, kana zaune ana ba da labarin nan, ba ka ce komai ba?" Ya ce, "Uwata ce, Rahma." Na ce ni ma ai uwata ce. Mun yi wata biyu ba ma magana.

Bara 'yata ta nuna mini wani bidiyo a waya, na dangin tsuntsun da ke Ostireliya, wanda ake kira na sarauta. Fari, baƙin baki, baƙar fuska, da ɗigon rawaya a saman kowane ido da ɗan ja a goshi. Na ga namijin na kawo ƙirare macen na jerawa. Na ga suna karɓa-karɓa wajen kwanci a kan ƙwai, suna ciyar da 'ya'yan tare. Tukkun ma duka biyun ke da shi, na namijin ya fi tsawo. Mai bayanin ya ce gaskiya ne in aka dame su suna barin sheƙa, amma su biyun ne ke tashi. Raina ya ɓaci har yarinyar ta tambaye ni ko ta yi laifi. Hajja ta tsaya a bakin tekun nan ta ga abin da na gani. Ba ta ƙara ko gashi ɗaya a jikin tsuntsuwar ba, mijin kawai ta cire, sannan ta sa ni na kori uwata da bakina.

Umma na nan da rai a Kano, ta yi wani auren, ta haifi biyar. Na nemi lambarta, na kira, na yi kuka, na roƙi gafara. Ta ce babu komai, ai yarinya ce ni a lokacin. Yanzu duk Juma'a ina kira, kuma tana ɗauka. Na sha ce mata, "Umma, ni ce fa, Rahma." Ta ce ta sani. Sannan ta gaishe ni yadda take gaida duk wani baƙo mai daraja da ya kira daga ƙasa mai tsarki.

"Kun wuni lafiya, Hajiya? Ya mutanen Makka? A sa mu a addu'a in kun shiga Harami."