Ranar da Aka Yi wa Ganuwa Kwalliya

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, a waya kuke samun tarihi. Mutum na zaune a ofis a Talata Mafara, fanka na kaɗa shi, ya latsa ya karanta cewa an yi daular Zamfara, Gobirawa sun ci babban birninta, Zamfarawa sun watsu sun kafa garuruwa, shi ke nan ya zama masani. Mu a zamaninmu sai ka hau babur ka taka wurin da ƙafarka, ƙaya ta soke ka, kafin a yarda ka sani. Hanya ma lafiya take a lokacin. Ka kwana Maradun ka karya kumallo a Bakura, ba mai tare ka sai mai neman a rage masa hanya. A cikin wannan kai da kawo akwai ranar da har gobe ba ta bar raina ba.

Lokacin ni ne jami'in al'adu na ƙaramar hukuma, muƙamin da ake ba wanda ba a san inda za a ajiye shi ba. Kafin nan na yi yawon duniya. Na yi fataucin goro a Kumasi, na zauna Agadas, na yi karatu a Sudan, na leƙa Masar. Abin da na gano shi ne, mutanen Masar da dutse suka gina tarihinsu, shi ya sa yana nan zaune yana ciyar da jikokinsu. Agadas da ƙasa suka yi gini kamar mu, amma ruwan sama bai dame su ba. Mu kuwa da ƙasa muka gina, a inda damina ke zuwa da gaske, gulbi na cin gaɓa kowace shekara. Abin da ruwa ya bari, manomi ya shuka gero a kai. Abin da manomi ya bari, akuya ta hau.

Amma a wani ƙauye tsakanin Bakura da Maradun, wanda ba zan faɗi sunansa ba domin surukaina na can, akwai guntun tsohuwar ganuwa da ya ƙi faɗuwa. Tsayinsa ya fi mutum a kan doki. Kana ganin jerin tubalinsa, da ƙananan kafofin da maharba ke leƙen abokan gaba, da fasassun tukwane a cikin jikinsa. Mutanen garin kuwa bayan gari suka mai da gindinsa. Na shekara da shekaru ina roƙon a kewaye shi da waya, a sa mai gadi, ana ce mini a bari sai baɗi. Ritayata ta matso, ga ganuwa tana tsagewa.

Sai Allah ya kawo wani Farfesa daga Nijar, masanin tsoffin garuruwa. Wata ƙungiya ce ta turo shi ya duba wuraren da suka cancanci a tsare, kuma abin da ya gani da idonsa shi za a bi. Da yake ina jin Faransanci, aka ce ni zan raka shi. Na ce a raina, in wannan mutum ya ga ganuwar nan, ta tsira.

To, ga yadda ake sanar da zuwan baƙo, don waɗanda ba su san aikin ba. Ma'aikata a Gusau ta gaya wa sakatare, sakatare ya gaya wa shugaban sashe, shi ya aika wa uban ƙasa, uban ƙasa ya aika wa hakimin ƙauye. Kowane mataki kuma sai ya ƙara wa saƙon gishiri, don kada a raina shi. Daga Gusau malami ɗaya ya taso da jakarsa. Kafin ya isa ƙauyen ya zama manyan baƙi daga ƙasashen waje. Na roƙi shugaban sashenmu, wanda muke kira Darakta, ya bari mu je shiru. Ya ce ni yawon duniya ya ɓata. A ina aka taɓa auka wa hakimi da baƙo kamar masu kamen haraji?

Ranar muka ɗauki Farfesa a motar ofis. Da na ga fuskarsa na san akwai magana: tsagen Gobirawa ne tun daga gefen baki har kunne. A hanya ina ta yi masa bayanin ƙasa, ga fadama, ga inda gulbi ya canza hanya, ga jigawar da gero ke so, shi kuwa ganuwa kawai yake tambaya. Na kwarzanta ta har na ji kunyar kaina.

Tun daga nesa muka ji ganga. Duwatsun bakin hanya duk an shafe su da farar ƙasa. Muka sauka, aka yi gaisuwa irin tamu, aka tambayi gida da gajiya da damina da mutanen Nijar ɗaya bayan ɗaya, sannan Hakimi ya shige gaba yana jan babbar riga, muka zagaya bayan gari.

Na duba inda ganuwa take, ban gan ta ba. Abin da na gani katanga ce sabuwa fil, miƙaƙƙiya kamar ta makarantar firamare, an yaɓe ta sumul, an shafa makuba tana ƙyalli, an yi mata zanko a kowace kusurwa. A tsakiya an rubuta "Barka da zuwa". Ko bushewa ba ta gama yi ba.

Ashe da saƙo ya iso, Hakimi ya tara dattawa suka je suka dubi ganuwar, suka ga tsaga, suka ji wari, suka ce wannan abin kunya ne. Aka kira gayya, samari suka fito da diga, mata suka yi fura, makaɗa suka zuga su. Suka rushe ta, suka jiƙa ƙasarta, domin kowane magini ya san tsohuwar ƙasa ta fi kama jiki, suka sake gina ta.

Darakta har da tafi. Ya juyo ya ce mini in ga amfanin sanarwa. Ni kuwa na tambayi Hakimi a hankali me ya sa.

"Malam Labbo, kai ma da wata magana," in ji shi. "Mutum shi taso tun daga wata ƙasa, mu nuna mai kango? Sai a tai a ce Zamfarawa sun lalace, ko bangon kakanninsu ba su iya yaɓewa. Kuma ƙasar ita ce dai, ko kwando guda ba mu ƙara ba."

Farfesa ya matsa ya sa yatsa a jikin katangar, yatsan ya nutse. Ya zaro wani ɗan guntun tukunya daga cikin yaɓen, ya juya shi, ya yi wata magana da Faransanci wadda na ga bai kamata in fassara ba. Hakimi ya ga baƙo bai yi murna ba, ya ɗauka aikin ne bai yi kyau ba, ya fara ba da haƙuri cewa lokaci ne ya ƙure, da sun ƙara mata tsayi.

Sai Farfesa ya yi dariya, irin wadda ta fi kuka ciwo, ya ce da Hausa: "Ranka shi daɗe, kakannina sun zo ƙasar ga da dawaki da masu, wagga ganuwa ta gagare su. Ni na zo da jaka ɗaya, kun kayar min da ita kun ba ni fura."

Hakimi ya ce to ai gara haka, in dai faɗuwa za ta yi, kada ta faɗi a hannun Bagobiri. Aka kwashe da dariya, aka tafi cin rago. Na ci, domin ragon ba shi da laifi.

Farfesa ya koma, ba waya, ba mai gadi. Babu abin da za a tsare. Na yi ritaya a shekarar da ta biyo baya.

Abin da na koya shi ne, a wannan aiki ba ruwan sama ne babban abokin gaba ba, ba akuya ba, ba ma rashin kulawa ba. Rashin kulawa ne ya raya ganuwar nan tun zamanin kakanni. Karamci ne ya kashe ta. Mutanenmu za su jure talauci da yunwa, amma ba za su jure baƙo ya ga tsufan kayansu ba. Don haka in kun ga wani tsohon abu kuna son shi, ku kai baƙon tukuna, sanarwa ta biyo baya, ku karɓi faɗan Darakta.

Katangar tana nan. Damina ta dake ta, ta tsage, awaki sun hau, ta fara kama da abin tarihi. Malamai na kai ɗalibai su gani in hanya ta yi kyau. Kwanaki na ji wani dattijo yana rantsuwa cewa ta kafar nan kakansa ya harbi Gobirawa, alhali shi ya kwaɓa ƙasar ranar gayya. Ban ƙaryata shi ba. Tsohuwar ganuwa dai ta tafi, kuma sabuwar ce yanzu tarihin garin.