Ƙahon Saniyarmu

Shekarar da fari ya cinye gonakin Gangara, ni na zama sarkin juji. Babu geron da za a nome, rabin ƴan lakol ɗinmu, wato makarantar boko, sun bi iyayensu kudu, sai na shiga tsince-tsince. Na fasa gwangwanin man taimako, na daddaka shi da dutse har ya miƙe, na kafa shi a kan tsohon murfin akwatin inna. Da ƙaro na liƙa masa tsumman buhu da yankin takalmin roba, na zagaye shi da sarƙar keke. Gefe ɗaya na shafa jar ƙasa, ɗayan toka, na ɗiɗɗiga shunin wanki. Ba mutum ba ne, ba dabba ba ce, don malaminmu na allo ya hana zanen mai rai. Duk wanda ya tambaye ni mene ne, sai in ce ni ma jira nake ya faɗa mini.

A tsakiya na ɗaure ƙahon saniyarmu ta ƙarshe da jan zare. Ni na yi kiwonta tun tana maraƙa. Ta mutu a bakin rijiya, haƙarƙarinta a waje har kana iya rataya riga a kai. Ƙahon nan ne kawai abin da ya rage mini nata.

Na jingina abina a bangon zaure. Ranar da aka dawo daga roƙon ruwa, kowa da riga a juye, hadari ya haɗu baƙi ƙirin, iska ta zo ta watsa shi. Kawuna, yayan inna, ya shigo yana huci, idonsa ya sauka a kan ƙahon.

"Kai, wa ya aje wanga abu?"

"Ni ne, Kawu. Abin ado ne kawai."

"Ado? Ƙaho da jan zare, yana kallon gabas? Ashe a gidan ƙanwata aka ɗaure ruwan garin nan."

"Kawu, da na iya ɗaure ruwa, ai a randar inna zan ɗaure shi."

Ya finciki kunnena, har yau na hagu ya fi na dama tsawo. Na roƙe shi ya ɗauki komai ya bar mini ƙahon. Ya ce ƙahon ne ma uwar ɓarnar, zai kai abin duka bayan gari ya binne. Inna ta ce in yi shiru, yayanta ne.

Ruwa bai zo ba. Ko ɗigon da zai jiƙa gashin bakin ƙuda ba a samu ba.

Bayan kwanaki inna ta aike ni gidansa. Ina shiga na ga gwangwanina, da jar ƙasata da shunina, ya zama ƙofar akurkin kajinsa. Sarƙar keken kuma tana riƙe da ƙyauren gidan.

"Kawu, ashe tsafin bai kama gwangwani ba?"

"Ƙarfe ai ba ruwansa."

"To ina ƙahon?"

"Na jefa shi tsohuwar rijiya. Ka tafi, ka dame ni."

A gaban idonsa na sa hannu biyu na ɓamɓare gwangwanin. Kajinsa suka watse cikin gari, shi yana bin su yana tsine mini, ni na rungume abina na tafi gida.

Yana nan rataye a ɗakina. Ramukan zaren suna tsakiya, wurin ƙahon babu komai. Inna ta kawo mini ƙahon rago daga gidan Kawu in sa, na ce ta mayar wa yayanta.