Rigar da Ruwa Ba Ya Shiga

Shekara uku na yi ina aiki a wani shago a unguwar Al Quoz ta Dubai da ke sayar da ƙananan kwale-kwale na mutum ɗaya da kayan shiga ruwa. A watan da na dawo daga jana'izar mahaifiyata a Kano, ina zuwa aiki, ina cin abinci, ina amsa gaisuwa, amma ba na jin komai a raina.

Ranar wata Laraba wani ɗan kasuwa ya shigo, mutumin Maraɗi, mai aika kago, wato kayan kasuwa, gida. An gaya masa akwai Bahaushe a shagon.

"Malam, rigar nan nake so wadda ruwa ba ya shiga ko kaɗan," in ji shi.

Na ce masa tekun Dubai da ɗumi yake, masu tafiya ƙasashen sanyi ne ke sayen irin ta.

"Ba ni zan sa ba. Ƙanena ne. Yana Libiya, yana jiran jirgin roba ya tsallaka teku."

Na sauko masa da guda biyu. Na nuna masa robar wuya da ta wuyan hannu, na ce in ba su matse ba ruwa zai samu hanya. Na ja masa zif ɗin ƙirji ya ji taurinsa. Na gaya masa rigar ba ta da ɗumi, sai an sa kaya masu kauri a ciki, kuma ba ta hana nitsewa, sai da rigar ceto.

Ya cire babbar rigarsa ya gwada ɗaya, yana ta gumi. "Ya fi ni tsawo da kamar yatsa huɗu," ya ce, "amma na ji ya rame sosai."

Ya so baƙa, na ce ya ɗauki ja, don an fi hango ta daga nesa. Ya daɗe yana kallon ta kafin ya ce, "Khalas, shi ke nan, a sa min."

Bayan wata biyu ya dawo hannu wofi. Ya ce rigar ba ta isa ba sai da yaron ya riga ya hau jirgi. Tun ranar wayarsa ba ta shiga.

"Malam, gaya min gaskiya. Da tana jikinsa, da ta yi amfani?"

"Da ta ƙara masa 'yan sa'o'i, Alhaji. Abin da zan iya cewa ke nan."

Ya kaɗa kai. Na ce Allah Ya bayyana shi, ya ce amin. Na raka shi bakin ƙofa, ya tsallaka titi ya tsaya jiran bas cikin rana. Ni kuma na koma sito, don kwantena ta iso daga tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali tun safe, ba a sauke ba.