Tafkin da Na'iya Ya Sani

Na'iya maharbin agwagin ruwa ne a Fakku, kafin idanunsa su dushe ya rataye bindiga. Shekara arba'in yana bin tafkin da ke bayan garinsu, har ya kai yana gane kowane tsuntsu da kukansa. Shi ya sa duk lokacin sanyi, idan malaman makaranta masu kallon tsuntsaye suka taso daga Tambuwal, shi ke yi musu jagora.

Bana su bakwai suka zo, shugabarsu Malama Zulfa tana riƙe da madubin hangen nesa. Rabin tafkin ya koma gonakin shinkafa, injinan ban-ruwa suna ta ruri.

"Ɗiyata, mi kika gani?" in ji Na'iya.

"Balbela huɗu, Baba, sai zalɓe guda."

"Ba dinya? Ba kirinjijiya?"

"Babu."

Ya karkata kunne, ya daɗe yana saurare. Sai ya shiga ba su labarin shekarun da gauraki ke rufe tudun can ƙetare. Wani malami ya ce shi bai taɓa jin kukan gauraka ba. Na'iya ya ɗaga kai zai kwaikwaya masa, tari ya sarƙe shi, bai sake gwadawa ba.

Da za su tafi, Zulfa ta ce cikin jin nauyi, baɗi za su nemi wani tafkin wajen Sanyinna.

"Ku je, Allah shi ba da sa'a," ya ce. "Ni wanga kaɗai na sani."

Bayan motarsu ta tashi ya zauna kan wani kifaffen kwalekwale har azahar, sannan ya lalubi sandarsa ya nufi gida.